Ina Amarya Za Ta Gudu?

Daren Alhamis muke haɗuwa. Idan aka idar da sallar isha'i, zafin Sabha ya ɗan sassauta, matan gidajen da ke kusa da namu a unguwar Hajara sukan shigo da tabarminsu, wata da butar shayi, wata da ɗan dabino a leda. Akasarinsu mutanen Damagaram ne da Maraɗi da Tawa, sai 'yan Nijeriya ƙalilan. Ni ce mai karatu, domin aikina ke nan tun ina gida. Na yi shekaru ina karanta wa masu saurare littafi a rediyo babi-babi, har yanzu ma da muryar nake cin abinci. Idan aka ɗauke wuta, wanda ba baƙon abu ba ne a garin nan, sai mu haska da waya mu ci gaba.

A watan da ya wuce muka sauke Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Kwafin nawa ya tsufa, bango ya rabu da jiki, shafukan ƙarshe sai da na liƙe su da salatif. Da na kai inda Abu ta tsere daga gidan tsohon da aka ɗaura mata ta nufi birni wurin goggonta, sai wata dattijuwa a cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ajiye kofinta ta ce, "Malama, dakata. Yarinyar nan ta yi sa'a, tana da goggo a birni." Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "To wadda ba ta da goggo fa, 'yar nan? Ina za ta?" Na ce, "Inna, bari mu ƙarasa babin." Na ƙarasa, amma tambayar ta kwana da ni.

Ana cikin haka wata ƙawata da muka yi makarantar aikin jarida tare ta turo mini wani littafin Turanci ta waya, ta ce in karanta in gaya mata ko ba Abu ba ce aka sa wa farar fata. Sunansa The Chosen One, na wata marubuciya Ba'amurkiya, Carol Lynch Williams, ya fito a 2009. Yarinyar ciki Kyra ce, shekarunta 13, mahaifinta yana da mata uku. Shugaban jama'arsu, wanda suke kira annabi, ya ce an yi masa wahayi ta auri ɗan'uwan mahaifinta, tsoho ɗan shekara 60 mai mata shida. A ɓoye take karatu. Akwai wata motar ɗakin karatu da ke bi ta gefen ƙauyensu, can take zuwa ta aro littafi ta ɓoye. Da na zo wurin nan sai na tuna kaina ina 'yar sakandare, da littafin haya a naɗe cikin hijabi.

Ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne mutanen nan, don kada a yi musu kuɗin goro da wasu. Joseph Smith ne ya kafa cocin Mormon a Amurka a 1830, mabiyansa suka yi hijira zuwa Yuta a 1847 ƙarƙashin Brigham Young, suna auren mata da yawa. Gwamnatin Amurka ta matsa musu, har a 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya ba da sanarwar daina wannan aure. Wasu suka ƙi, suka ɓalle, suka tare a wani wuri da ake kira Short Creek a kan iyakar Yuta da Arizona. 'Yan sanda sun taɓa kai musu samame a 1953, abin bai kashe ƙungiyar ba. A 2002 Warren Jeffs ya gaji mahaifinsa a shugabanci, shi ke raba 'yan mata ga wanda ya ga dama, shi ke ƙwace matar wani ya ba wani. A watan Afrilun 2008 hukuma ta shiga gandunsu da ke Eldorado a jihar Teksas ta kwashe yara fiye da 400, a 2011 kuma kotu ta yanke wa Jeffs ɗaurin rai da rai saboda lalata da 'yan mata biyu, 'yar shekara 12 da 'yar 15, waɗanda ya kira matansa. A waɗannan shekarun ne littattafai irin na Kyra suka yi ta fitowa, wasu ƙagaggu, wasu kuma labarin rayuwar matan da suka tsere da kansu, kamar na Carolyn Jessop da na Elissa Wall, wadda aka aurar tana da shekara 14.

Na gaya wa ƙawata cewa kamar ta tsaya a fuska. Mutanen Jeffs 'yan tsiraru ne da suka killace kansu, dokar ƙasarsu ba ta yarda da aurensu ba, ba su da iyakar mata huɗu, ba su da alƙalin da mace za ta kai ƙara. Mu kuwa zaman kishiya ba ɓoyayyen abu ba ne a wurinmu, a cikinsa da yawanmu muka tashi. Amma akwai inda kwatancin ya yi mini amfani, wato ƙarshen labari. Kyra ta tsira ne da ta bar komai: uwa, uba, ƙanne, addinin da ta tashi a ciki. Da ta fita daga shingen, akwai wata duniya da ke jiranta, mai 'yan sanda da makaranta da gidan da za a karɓe ta. Marubucin Hausa ba shi da wannan shingen da zai tsallakar da yarinyarsa. Kauyen da ta baro da birnin da ta nufa duk al'umma ɗaya ce. Saboda haka tun da aka fara rubuta ƙagaggen labari da boko, tambayar Inna ce ke bin marubutanmu.

A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, littafi na biyar shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da East ɗin kansa. Auren da kuɗi ya ƙulla shi ne tushen labarin. Abubakar da Zainabu suna son juna, attajiri Malam Shaihu ya shigo, dukiya ta yi aikinta, aka ba shi. Daga nan fa labarin ya bi Abubakar cikin daji neman asirin ramuwa, ya bi ɗan da aka haifa har ya lalace. Zainabu, wadda a kanta aka yi komai, tana can cikin gida, ba a tambaye ta yadda ta kwana ba. Haushin namiji ne aka ga ya isa a rubuta.

Ba wai matan lokacin ba su da bakin magana ba ne, mai rubutawa ne babu. Shaida ita ce Baba ta Karo, tsohuwar da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga da Turanci a 1954. Baba ta ba da labarin auren zumuncin da aka yi mata tana 'yar shekara 14 ko kusa da haka, ga wanda ba shi take so ba, da yadda ta zauna don ganin girman iyaye, daga baya ta fita ta auri wani. Abin da ya fi jan hankalina a labarinta shi ne yadda fita daga aure ba ta zama ƙarshen duniya ba. Mace takan yi yaji, takan je gaban alƙali, takan koma gidan wani babba a dangi har a sasanta ko a rabu. Akwai kuma wata ƙofar da kowa ya sani ba a son ambata, gidan magajiya. Yarinyar da ta gudu daga auren dole ba ta da wurin zuwa, sau da yawa can take ƙarewa, a Sabon Gari ko a wani zango na kudu, a kira ta da sunan da ba ya gogewa. Goggon Abu da magajiya, in an duba, aiki ɗaya suke yi: buɗe ƙofa da dare. Bambancin shi ne abin da ke bayan ƙofar.

A fagen siyasa an riga adabi magana. Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙalu a jaridar Nigerian Citizen a 1956 kan matsayin mata a Musulunci, ya taɓo kulle da yawan aure, aka yi masa ca. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ita ma aka aurar tana da shekara 13, ta sha ɗauri a NEPU tana magana a kan auren wuri da ilimin mata. Amma littafin hira ya yi shiru fiye da shekara 40. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, littafin mace na farko a ƙagaggen labarin Hausa, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe a kan wanda take so duk da danginta sun ce bare ne. A nan ne yarinya ta fara cewa "ni" a shafin littafi.

Abin da ya biyo baya ba shiri aka yi masa ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara mata waɗanda iyayensu mata ba su taɓa riƙe fensir ba. Kafin shekara goma su cika, ga dubban 'yan mata da matan aure da suka iya karanta Hausa, da yawansu an cire su daga makaranta an kai su ɗaki, ba abin karantawa. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a takarda mai arha, a kasa labari kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat suke. Littafi ya shiga kasuwa, ya shiga hannun masu haya, ya shiga ɗakin amarya. Wadda ba ta iya karatu ba, ƙanwar miji ta karanta mata, ko ta ji a rediyo.

In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, a farkon shekarun 1990, shi ne ya fi kowanne tashe. Sumayya 'yar masu kuɗi ce, tana son Muhammad talaka, gida suka ce sai attajiri. Da aka ƙure ta, ta faɗa rijiya. Ta rayu, labarin ya ƙare da daɗi, amma rijiyar ce mutane suka riƙe. An zargi marubucin da koya wa 'yan mata kashe kai. Ni dai a ganina bai ƙirƙiro rijiyar ba, ya tarar da ita a tsakar gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin labarin amaryar da aka tsamo.

Balaraba ta bi wata hanyar dabam, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, don abin da ta rubuta ta ɗanɗana shi. Ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammed ce, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a aurar da ita tana da shekara 13 ga mutumin da ya girme ta nesa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Kamar yadda ta sha faɗa a hirarraki, da sunan koyon ɗinki da saƙa ta samu ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, na 1987, a kan Alhajin da ke auri-saki ne kamar mai sauya riga. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

Ku dubi yadda ta gina labarin Abu. Uba ya cire ta daga boko don yana ganin karatun 'ya mace lalacewa ne. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari tun suna yara ya je birni ya yi karatu, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Wato jahilcin da uba ya zaɓa mata don ya tsare ta, shi ne ya jawo masa kunya a idon gari. Don ya wanke kunyar sai ya miƙa ta ga Sarkin Noma, dattijo mai mata. Balaraba ba ta kawar da kai daga daren farko ba, ba ta lulluɓe shi da kunya ba, kuma wannan ne ya sa wasu suka tsani littafin. Na tuna ranar da na fara karanta wurin nan a iska, sai da na rage murya, mai kula da na'ura ya sunkuyar da kai. Bayan an rufe shiri wata mata ta kira, ba ta faɗi sunanta ba, ta ce tana kwance a asibiti ne da yoyon fitsari, a gaishe da wadda ta rubuta. Masu zuwa Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga 1980 da 'yan kai yana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta yaga, sun san shekarun yawancin masu jiran layi.

Abu ta gudu, amma ba ta fita daga dangi ba. Gidan 'yar'uwar mahaifinta ta je. Ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarma a wurinta. Ba ta jefar da ɗankwali ba, ba ta zagi uba ba, ba ta bar sallah ba. Hujjar da littafin ya riƙe daga cikin addini ya ɗauko ta, kuma a nan ƙarfinsa yake. Gaskiya ne a fiƙihun Malikiyya, a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a kowane zaure, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa. Amma malaman da suka ba shi wannan iko sun ɗaure shi da maslahar yarinya, ba su ce ya cutar da ita ba. A Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. Marubutan nan mata sun san wannan gado, da shi suka yi faɗa. Kyra ba ta da wani littafi a cikin addinin jama'arta da za ta buɗe wa shugabansu ta ce ka saɓa, don shi ne littafin. Abu tana da shi.

Ba duka suka tafi a kan layi ɗaya ba. Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, takan ba 'yan matanta digiri da mota da miji mai tausayi, kishiyoyi su zauna kamar 'yan uwa. Wasu suna ganin mafarki ne take sayarwa. Ni na karanta ta ina budurwa, kuma mafarkin ya yi mini rana, don a wurinta na fara ganin matar aure tana fita aiki mijinta yana alfahari.

Manya ba su yi shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, ya ce ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi shekaru ana gwabzawa a shafukan jaridu. Wannan muhawarar masana ce, tana da daɗin bi. Wadda ba ta da daɗi ita ce ta 2007, lokacin da Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata. Bayan haka Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista kafin ya buga. Ba zan ce duk abin da aka ƙona zinariya ba ne. Akwai shirme a ciki, akwai batsa, na karanta wasu na ji kunya. Amma a makarantar 'yan mata aka kunna wutar, kuma 'yan matan sun fahimci saƙon. Bayan shekara biyar, a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya, Blaft, ya fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci.

Doka kuwa tafiyar hawainiya take yi. Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara a 2003 wadda ta sa shekarun aure 18, amma sai jiha ta amince take aiki, Kano ba ta sa hannu a nata tsarin ba sai 2023. A Nijar dokar farar hula ta bar shekarun yarinya a 15, kuma alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin su kai 18, babu ƙasar da ta kai haka a duniya. Nan Libiya dokar 1984 ta kai shekarun aure 20, dokokin zamanin Gaddafi kuma sun sa sai da yardar uwargida a rubuce kafin a ƙara aure, har zuwa 2013 da kotun ƙoli ta soke wannan sharaɗi. Wata maƙwabciyata Balarabiya ta taɓa tambayata wane ne ya fi mu, na ce mata kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yanzu bari in dawo kan tambayar Inna, don zama a Sabha ya sa ina jin ta dabam da yadda zan ji ta a Kano. Garin nan bakin hanya ne. Motocin da suka taso daga Agadas, suka bi ta Dirku da Gatrun, nan suke sauke mutane kafin a wuce Tarabulus. Tsohuwar hanya ce, ayarin bayi sun bi ta ɗaruruwan shekaru ta Murzuk, kudu da mu kaɗan, kuma akasarin waɗanda aka kora ta cikinta mata ne da 'yan mata. Adabinmu ma ya san ta. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ta bi sahun ɗanta da aka sace, ta biyo ayari ta Murzuk, ta faɗa bauta, aka kai ta Tarabulus, ba ta ga ɗan ba sai dab da mutuwarta. Ita ce mace ta farko a littafin Hausa da ta bar gida ita kaɗai ta tsallaka Sahara, kuma marubucin bai yi mata ƙaryar sa'a ba. A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a nan Sabha kamar kaya, ana tsare su a gidaje har danginsu su turo kuɗi. Mu da ke zaune a garin ba mu jira rahoto ba kafin mu sani.

Yawancin matan da ke isowa talauci ne ya koro su, ko bin miji, ko neman kuɗin kayan ɗakin 'ya. Amma a cikinsu akwai waɗanda idan hira ta yi nisa, aka rage mutane, za su ce maka daga ɗakin wani tsoho suka fito. Wata mata ce ta yi musu alkawarin aikatau a gidan Larabawa, ta biya kuɗin mota, aka rubuta bashi. Wasu sun dace da gidan kirki, suna shara da wanke-wanke suna tura 'yan dinari gida. Wasu an kai su gidajen da ba a fita. Magajiya ce dai ta dā, ta samu waya da mota mai taya huɗu. Wannan ita ce hanyar fita idan aka bi ta har ƙarshe, kuma ba ta yi kama da ta Kyra ba ko kaɗan.

A nan nake ganin gazawar littattafan da nake ƙauna. Sun yi jarumtar shiga ɗakin amarya, sun faɗi abin da ake yi a ciki, sun ɗauko hujja daga inda uba ba zai iya musu ba. Amma idan aka zo fitar da yarinya, kusan kullum sai marubuci ya jefo mata igiya daga sama: goggo mai hali, ko Alhaji matashi mai tausayi da ya gan ta a bakin titi, ko gadon da ba a san da shi ba. Ko Saudatu ta Alhaki Kuykuyo Ne, auren mai kuɗi ne ya share hawayen gidansu. Na san dalili. Mai sayen littafin tana cikin ɗakin da ake magana a kai, ba za ta ba da kuɗin cefanenta a ƙara mata baƙin ciki ba. Ni ma da nake karantawa a rediyo, in labari ya ƙare da kuka, washegari waya ba ta hutawa da masu faɗa. Duk da haka, yarinyar da ta hau bayan mota a tashar Agadas da jaka ɗaya da galan ɗin ruwa tana nan, ina ganin ta a layin burodi, ban kuma ci karo da ita a shafi ba tukuna. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta buɗe wata kafa, gajeren labari ba ya bin marubuciya bashin kyakkyawan ƙarshe kamar dogo. Littattafan da ake rubutawa yanzu a WhatsApp da Wattpad, waɗanda ake karantawa a YouTube su iso mana nan cikin katin waya, sun fi na dā yawa nesa ba kusa ba, sai dai da yawansu sun koma gidajen masu kuɗi na Abuja da Dubai.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Inna ta riga kowa zuwa. Tana taya ni shimfiɗa tabarma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita sau uku tana gudu, sau uku ana mayar da ita, na ƙarshe a ɗaure a kan jaki. Shekararta 12 a lokacin. Ta zauna da shi har ya mutu, ta haifa masa tara, huɗu suka rayu, ɗaya daga cikinsu ne ya kawo ta nan. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin gero. Kafin in sami abin cewa sauran mata suka fara sallama.

A bakin ƙofa akwai wata yarinya da ke tsayawa, ba ta shigowa. Aikatau take yi a wani gida a layinmu, ba ta fi wata huɗu da zuwa ba, ba wanda ya san garinsu. Da aka watse ta matso ta miƙo mini katin waya a tafin hannunta, ta ce, "Anti, ki sa mini na Abu daga farko, ban ji farkon ba." Na ce ta dawo da safe. Na zauna a ɗaki na ɗauki babi uku kafin batir ya mutu, na bar sauran sai an kawo wuta.